Jarkar da Ba Ta Ragu Ba

Waɗanda suke tare da ni tun farko, sannunku da haƙuri. Waɗanda yau suka shigo, ku samu wuri ku zauna, ba zan tsare ku da dogon bayani ba. Sunana Mansuratu Hudu, 'yar Salaga, malamar kimiyya a sakandare, shekarata talatin da ɗaya. Na faɗi shekarun da bakina ne don in hutar da Gwaggo Karimatu, ƙanwar babana da ke aure a Yendi, wadda take faɗar su a gidan suna da gidan biki, har da gidan makoki idan ta ga an yi shiru.

Ina da manemi, kuma ina son sa, gara in faɗi wannan tun yanzu saboda abin da za ku ji na aikata. Sunansa Jalil, malamin dabbobi ne, ɗan Bawku, yana aiki a Yendi. Dogo ne, ba ya da yawan magana, kuma duk turaren da ya fesa sai ka ji ƙanshin maganin shanu yana leƙowa ta ƙasa. Mutanensa sun zo gaisuwa, an karɓe su, an ci an sha. Sa rana kawai ya rage. An kuma yi wa Jalil canjin wurin aiki zuwa gida Bawku a ƙarshen watan Mayu, danginsa suna so ya koma da matarsa kafin damina ta lalata hanya. Idan ranar ta wuce, sai wata shekara, kuma kawunsa Alhaji Samed ya riga ya fara ambaton cewa a Bawku ma Allah ya halicci mata.

Rana tana bakin Baba. Bakin Baba kuma yana kan kifi.

Shekara shida da suka wuce, bayan rasuwar Mma, mahaifiyata, da wata huɗu, Baba ya je Makango loda doya a jirgin ruwa, ya dawo da bokiti ɗauke da wasu jajayen kifaye 'yan ƙanana da wani masunci ya ba shi. Bai yi wa kowa bayani ba. Ya sa mai gilashin taga a Tamale ya haɗa masa akwati, tsawonsa ya kai kamu uku, aka ɗora shi a kan dogon kabad na falo don kada jikoki su kai hannu. Yanzu kifaye tara ne, kowanne da sunan wani abokin gabarsa na kasuwar doya. Akwai Dillali, akwai Ɗan Kumasi, akwai wani mai ƙaton ciki da ake kira Sakatare, wanda ba ya komai sai cin rabon wasu.

A zafin Afrilu, ga fanka tana kaɗawa, akwatin nan yana rasa lita biyu kullum. Ruwa ne yake tashi, gishirin ya zauna, don haka ba a ƙara masa ruwan rijiyarmu, sai ruwan saman da muke tarawa a duro. Kowace safiya nakan hau kujerar katako da buta, in zuba har ruwan ya taɓa jan salatif ɗin da na manna a gilashi. Baba yana zaune a ƙasa da carbi yana ba da umarni kamar ni ce sabuwa a aikin. Shi ba ya hawa, gwiwarsa ta dama ta daɗe da yin ritaya. Sumaya, matar yayana da muke gida ɗaya, ta taɓa gwadawa sau ɗaya da bokitin wanki, kifi biyu suka mutu, tun daga ranar ko kallon akwatin ta yi sai Baba ya yi gyaran murya.

Saboda haka duk sanda Alhaji Samed ya bugo waya, amsa ɗaya ce.

"Alhaji Hudu, ranar fa?"

"Ana dubawa. To idan ta tafi, wa zai ƙara wa kifi ruwa?"

Gwaggo Karimatu da ta ji, sai ta turo saƙon murya na minti bakwai a guruf ɗin gida. Taƙaitawarsa: a soya kifayen a ba baƙi ranar ɗaurin aure, an huta. Baba ya sa na goge saƙon daga wayarsa, wai kada Sakatare ya ji.

Jalil ne ya fara kawo maganar. Wata ranar Laraba ina tsakiyar gyaran takardun jarrabawa saƙonsa ya shigo.

"Madam Mansura, akwai abin da ke ƙara ruwa da kansa. In Baba ya samu, hujjarsa ta ƙare ko?"

"Ba ka san Baba ba," na rubuta.

"Na san shanu. Na taɓa shawo kan bijimin da ya kori mutum huɗu."

"Babana kake haɗawa da bijimi?"

"Bijimin ya fi sauƙi."

Na yi kuskuren kai maganar guruf. Kafin la'asar kowa a zuriyar Hudu ya zama injiniya. Yaya Mudasiru, babban yayanmu da ke Accra, ya turo hoton wata na'ura fara mai sheƙi: ido na lantarki da ake mannawa a gilashi, idan ruwa ya sauka ya gani, ya ta da ɗan inji ya turo ruwa daga bokiti ta tiyo. Har ƙara take yi idan bokitin ya ƙare.

"Chale, wannan ce ta zamani," in ji shi, don haka 'yan Accra suke kiran aboki. "Kowa a nan ita yake sawa."

Na tambaye shi idan an ɗauke wuta fa, kamar yadda ake mana kwana biyu a jere. Ya ce a sayi batir. Na ce idan dodon koɗi ya hau idon ya zauna fa, tunda akwatin Baba cike yake da su, idon ya ɗauka ruwa ya cika alhali kifi na neman bushewa, ko ya ɗauka babu ruwa ya yi ta turowa har falo ya zama tafki. Ya ce ni matsalata karatu ya yi mini yawa, shi ya sa na kai talatin da ɗaya. A gidanmu duk gardama da ni a nan take ƙarewa.

Gwaggo kuma, da ta ga ba za a soya ba, ta kawo tata fasahar: a cika kwalba a kifa ta a bakin ruwa, irin yadda take shayar da kajinta. Gaskiya dabarar tana aiki, ba ta son wuta, ba ta lalacewa. Sai dai kwalbar lita ɗaya da rabi ba ta kai yini guda, kuma dole wani ya hau kujera ya cika ta. An koma inda aka fito.

Ranar Asabar Jalil ya zo a kan moto, wato babur ɗinsa, ya sha shadda ruwan toka da hula zanna wadda na san aro ce, don ta sauko masa har gira. Ni kuma na sa atamfa kore mai zanen ganye, na ɗaura kallabi sau uku kafin ya zauna, na fito da zoɓo mai sanyi ina yi kamar ban san da zuwansa ba. Ya durƙusa ya gaida Baba, sannan ya buɗe jaka ya fito da wata 'yar ƙwallon roba mai hannu, da tiyo siriri, da ƙaramin famfo.

Baba ya juya ƙwallon a hannunsa.

"Wannan ba ita ce a tankin banɗaki ba?"

"Ƙanwarta ce, Baba. Irinta muke sawa a komin shayar da shanu. Ruwa ya sauka, ƙwallo ta sauka, ƙofa ta buɗe. Ruwa ya hau, ta rufe. Ba wuta, ba batir."

"Kayan banɗaki da kayan shanu. A falona." Baba ya dubi akwatin. "Dillali, ka ji abin da surukin gidan nan ya ɗauke ku."

Kalmar suruki ta faɗo ne ba da shirinsa ba. Na ga kunnen Jalil ya motsa a ƙarƙashin hular aro.

"Idan ƙwallon ta maƙale fa?" Ni ce na tambaya. Na kasa haƙuri, halin malanta ne.

"Tambaya mai kyau, Madam. Shi ya sa ba za mu sa duro ba. Na auna, daga jan layi zuwa bakin akwati zai ɗauki lita ashirin da biyu. Jarkar lita ashirin za mu sa a sama. Ko ta zube duka, ba ɗigo ɗaya da zai taɓa kafet. Kwana goma take yi. Sumaya za ta iya cika jarka ta miƙa wa mijinta ya ɗora, ba sai ta taɓa kifi ba."

"Sabuwar jarka," in ji Baba. "Wadda ba ta taɓa ganin sabulu ba, ba ta taɓa ganin Sumaya ba."

Daga tsakar gida Sumaya ta ce, "Ina ji fa, Baba."

"Don ki ji na faɗa."

Baba ya ja carbi ya yi zagaye guda cif, mu muna jira. Sannan ya ce shi ɗan kasuwa ne, jikan fataken goro, ba ya sayen kaya da bakin mai kaya. A ɗaura abin yau. Mansura ta tafi Yendi wurin gwaggonta, tunda ana hutu, ta yi kwana bakwai ba ta taka gidan nan ba. Idan ranar Asabar mai zuwa ruwa yana kan jan layi, Alhaji Samed ya zo a sa rana. Idan ya sauka ko da faɗin farce ne, a bari sai bayan damina.

Jalil ya cire babbar riga ya rage singileti, ya kafa katako a bango sama da akwatin, ya ɗora jarka rawaya cike da ruwan sama, ya ja tiyo, ya ɗaure ƙwallon a bakin gilashi. Ya kwashe kofi biyu daga akwatin don gwaji. Muka ji ɗis, ɗis, ɗis, sannan siririn ruwa, sannan shiru. Daidai kan layi. Sau uku ya gwada, sau uku ta tsaya.

Ya juyo yana murmushi, zufa har haɓa. Na mayar masa da murmushi. Amma idona yana kan kujerar katako. Shekara shida ina hawa kujerar nan. Shekara shida Baba ba ya karyawa sai na sauko. Ga wata 'yar roba da ba ta kai lemun tsami girma ba ta yi aikin a gabana, ba ta ko nemi a gode mata ba.

To ga abin da na yi, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba sai ku.

Washegari da safe, jakata tana bakin ƙofa, Baba yana tsakar gida yana alwalar walaha, na shiga falo wai in yi wa kifi sallama. Na hau kujera. Na sa yatsa biyu na murɗa ɗan famfon da ke gindin jarka. Na rufe shi.

A lokacin na gaya wa kaina tsoron ambaliya nake ji. Ni da na ji lissafin lita ashirin da biyu da kunnena, na kuma sake yin sa a takarda na ga daidai ne. Gaskiyar ita ce na hango Baba shi kaɗai a falon nan da safe, ba mai hawa kujera, ba wanda zai yi wa faɗa, sai ɗis ɗis. Na hango Bawku, tafiyar yini guda cur idan mota ba ta lalace ba. Kuma ba ni da ƙarfin halin da zan dubi Jalil in ce a jira, ko in dubi Baba in ce zan tafi. Na fi so roba ta faɗa a madadina.

A Yendi Gwaggo ta karɓe ni kamar an kawo mata aikin gyara. Ta duba tafin hannuna ta ce alli ya cinye shi. Ta dafa wasawasa, dambun garin doya, ta tsaya a kaina sai na cinye, wai mutanen Bawku kada su ce a Salaga doya kawai ake sayarwa ba a ci. Ta fito da akwatuna uku na atamfa da leshi da ta tara mini tun ina shekara goma sha tara, wasu har yayinsu ya wuce ya sake dawowa.

Ranar Litinin da hantsi saƙon murya ya shigo daga Baba. Shi da bai taɓa tura saƙon murya ba, sai da Sumaya ta nuna masa inda ake dannawa.

"Mansura. Ana ji? To. Ruwa yana kan layi. Sakatare ya ci abincin Ɗan Kumasi. Shi ke nan."

Na ce a raina, kwana ɗaya ne, idon tsoho ne, lita biyu a faɗin akwatin nan ba ta da yawa.

Talata: "Ruwa yana kan layi. Abin yaron nan yana da hankali."

Laraba: "Yana kan layi daram. Sumaya ta sa gishiri a koko, ban san me na yi mata ba."

'Yan uwa, ni malamar kimiyya ce. Famfo a rufe, fanka na kaɗawa, rana tana dukan kwano. Zuwa Laraba ya kamata ruwan ya sauka da faɗin yatsa. Ruwa ba ya hawa da addu'a, ko da addu'ar Baba ce. Na sake sauraron saƙon Laraba, na manna wayar a kunne. Kafin ya fara magana akwai ƙarar katako ana jan sa a kan siminti. Kuma numfashinsa yana fita da sauri, irin na wanda ya sauko daga wani wuri.

Na bar wasawasar Gwaggo na fita bayan gida na kira Sumaya.

"Ki shiga falo ki duba mini wani abu a gindin jarka."

"Wane falo? Baba ya kulle, makulli yana aljihunsa. Ya ce ba mai shiga sai Asabar. Ke, wai me yake yi da buta a ciki kullum da safe? Jiya kuma ya aike ni sayen man zafi, yana ɗingishi kamar an kama shi da sata."

"Ki ce masa kada ya..." Na tsaya. Kada ya me? In na ce kada ya hau kujera, na nuna na san abin ba ya aiki. In na san ba ya aiki, ta yaya na sani daga Yendi?

"Kada ya me?"

"Kada ya sha sanyi da yawa."

"A Afrilu? Mansura, aure bai zo ba kin fara rikicewa."

Kullum bayan la'asar Jalil yakan biyo ta gidan Gwaggo daga wurin aiki, mu zauna a benci ƙarƙashin dalbejiya, Gwaggo tana tsintar shinkafa a nesan da ta auna da kyau, inda ba za a ce tana saurare ba kuma ba kalmar da za ta wuce ta. Nakan kunna masa saƙon Baba, ya yi ta dariya yana dukan cinya.

"Kin ji? Yana da hankali! Ni ko ƙwallon yake nufi?"

"Ƙwallon."

"Ba komai, danginmu ɗaya."

Ranar Alhamis ya nuna mini hoton ɗaki biyu da ya kama a Bawku, an yi fenti shuɗi, da wata 'yar bishiyar mangwaro a tsakar gida. Ya ce ya bar bango ɗaya babu komai, ko zan so mu ma mu ajiye kifi. Ya ce duk hutun makaranta zai sa ni a mota zuwa Salaga ko ban tambaya ba, ya riga ya gaya wa mahaifiyarsa don kada a yi gardama daga baya. Na dubi mutumin nan da hular da ta yi masa daidai yau, da tabon igiya a hannu, na ji kamar in tona kaina a wurin. Na buɗe baki.

"Jalil."

"Na'am, Madam."

"Shuɗin ya yi duhu."

"Sai a sake," ya ce.

Saƙon Juma'a ya fi sauran tsawo. Baba ya faɗi layi, ya faɗi Sakatare. Can ya ce, "Uwarki ma da aka kawo ta daga Kete Krachi kuka ta yi wata guda. Daga baya ko an ce ta je gida sai ta ce wa zai kula da ni. To. A gaida Karimatu, a ce ta rage surutu."

Na saurare shi sau tara. Gwaggo ta same ni ina share ido da gefen mayafi, ta ce madalla, amarya ta fara laushi.

Asabar muka shiga motar farko mai bi ta Bimbilla zuwa Salaga, ni da Gwaggo, wadda ta ce ba za a sa rana a bayan idonta ba. Jalil da Alhaji Samed suka iso bayan azahar. Baba ya fito cikin farar babbar riga ta Juma'a, yana takawa a hankali, yana dafa bango kamar yana duba fenti. Ya ciro makulli ya buɗe falo.

Ruwa yana kan jan layi kamar an ja shi da rula. Kujerar katako tana can lungu an kifa ta, an ɗora mata sallaya, wai ba a taɓa ta ba. A sama kuma jarka rawaya tana zaune, hasken taga ya ratsa ta, kowa mai ido zai ga inuwar ruwa har wuya. Cike take kamar ranar da aka ɗora ta.

Alhaji Samed bai dubi sama ba. Ya sunkuya ya dubi layi ya ce, "Masha Allah! Alhaji Hudu, yaronmu ya ci jarrabawa."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa tun ba a ce komai ba.

Jalil ya dubi sama. Na ga lokacin da murmushinsa ya tsaya. Ya ɗauko kujerar, ya ajiye sallayar a gefe, ya hau. Ya taɓa ƙwallon, ta motsa lafiya. Ya bi tiyo da yatsa, a bushe. Ya kai hannu kan famfon, ya tsaya a nan. Bai murɗa ba. Ya sauko, bai dube ni ba, kuma rashin duban ya fi mini duka zafi.

"Baba," ya ce, "jarkar..."

"An tambaye ka jarka?" in ji Baba. "Layi na ce. Alhaji Samed, na ce jarka?"

"Layi ka ce."

"To. Yara na zamani, a ba su abu su tsaya bincike." Ya gyara zama, ya miƙe ƙafar dama da ƙyar. "Asabar ta biyu a watan Mayu... a'a, ta uku. A bar Karimatu ta gama gayyatar Yendi duka."

Aka shafa fatiha. Aka kawo tuwo da miyar ayoyo. Jalil ya ci loma uku, shi da yake share kwano. Da suka tashi, Alhaji Samed ya wuce masallaci gaida abokansa, Gwaggo ta shiga ɗakin Sumaya da waya a kowane kunne, falo ya rage ni da Baba da kifaye.

Na durƙusa na ɗage bakin wandonsa. Gwiwar ta kumbura, tana sheƙin man zafi.

"Baba, sau nawa ka hau?"

"Bakwai. Na farko ne mai wuya. Ashe daga sama sun fi kyau, ba ki taɓa gaya mini ba."

"Ka san famfon a rufe yake."

"Ta taga na gan ki. Alwala nake, ba makanta ba."

"To me ya sa ba ka buɗe ba? Murɗawa ɗaya ce, da ba ka..."

"Ke kika rufe. Ni ba na buɗe abin da 'yata ta rufe." Ya dubi akwatin, ba ni ba. "Shekara biyu ina ɓuya a bayan kifin nan, ashe ke ma a nan kike ɓuya, ban gan ki ba sai ranar Lahadi. Wurin ya yi mana kaɗan, Mansura. Ni na fito. In ba ki son yaron, ki faɗa da bakinki, yanzu in aika a kira Samed in ba shi haƙuri, ba kunyar da ban taɓa ji ba a kasuwa. Amma kada ki ce don ni. Ban yarda a rubuta sunana a wannan ba."

"Ina son sa, Baba."

"To ni me ya shafe ni? Ni za ki aura?"

Na yi dariya, hawaye na shiga mini baki. Na tashi na hau kujerar na murɗa famfon. Ba abin da ya faru. Ko ɗis. Baba ya cika akwatin har layi da asuba, ƙwallon tana sama, ƙofarta a rufe. Sai gobe za a san ko tana aiki.

Ina saukowa wayata ta yi ƙara a kan kabad.

"Madam Mansura. Na san yadda na bar famfon, sau uku na gwada a gabanki. Baba ba zai rufe ya kuma yi ta hawa kujera ba. Ba na tambayar wa ya rufe. Abu ɗaya nake so in ji, kuma ba a waya ba: kina son zuwa Bawku, ko ana kai ki ne? Ina ƙofar gida. Ban ta da moto ba."

Na karanta sau biyu. Na leƙa ta labule. Yana zaune a kan moto a rana tsaka, ya bar inuwar mangwaro taku uku a bayansa, ya cire hula ya riƙe a hannu yana kallon ƙasa.

Na ɗauki mayafina ruwan goro, na yafa a karkace, ban tsaya madubi ba. Ina sa takalmi Baba ya yi magana daga kujerarsa.

"In gaskiya za ki gaya masa, ki gaya masa duka, har da tawa. Idan ya ji ya ta da moton nan ya tafi, ki dawo ki gaya mini. Idan bai tafi ba, ki ce ya shigo ya gama tuwonsa."

Na ɗaga labulen zaure. Jalil ya ɗago kai.